Awo da Amana: Tarihin Masu Haɗa Magani a Ƙasarmu

GABATARWA

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Amma in aka dubi yadda muke rabon yabo a sha'anin lafiya, za a ga akwai gwanin da kullum ake tsallakewa. Majinyaci in ya sami sauƙi yakan gode wa Allah, sa'an nan ya gode wa likitan da ya duba shi, wani lokaci har ya tuna da nas ɗin da ta yi masa allura. Mutumin nan kuwa da ke bayan 'yar tagar ɗakin magani, wanda ya karɓi takarda ya ƙirga ƙwayoyi ya ce a sha biyu da safe biyu da dare, ba mai ko tambayar sunansa. A idon yawancinmu ɗan tireda ne kawai da aka sa wa farar riga.

A cikin wannan maƙala ina so in bi sawun wannan mutum cikin tarihi. Zan fara daga gida, watau ƙasar Karaye da Rogo inda na fito, in leƙa Bagadaza da Sakkwato da Zariya, sa'an nan in dawo da mai karatu kan halin da muke ciki. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ko a turmi aka daka magani ko a inji aka buga shi, ran mai sha yana rataye ne a kan abu biyu da ke hannun mai haɗawa, watau awo da amana. Duk sa'ad da ɗayansu ya kuɓuce, to, an yi jana'iza.

Kafin in yi nisa ya kamata mu daidaita kan suna. Hausa ba ta ba wannan ma'aikaci kalma guda tilo ba, kamar yadda ta ba maɗori ko wanzami. Gidajen rediyo kan ce masanin haɗa magunguna, 'yan boko kan ce famasis, tsofaffin da suka ga zamanin En'e kuwa kan ce disfensa. Mutanen ƙauye sukan haɗa kowa da kowa su ce mai kemis, wasu ma har su kira shi likita. Wannan ruɗanin suna ba ƙaramin abu ba ne, zan kuwa dawo kansa a gaba. Ni dai a nan zan riƙa cewa mai haɗa magani.

KAFIN ZUWAN ASIBITI

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa magani ba. Tun can asali kowace sana'a tana riƙe da maganin haɗarin da ke cikinta. Maƙeri ke da maganin ƙuna, masunci ke da na ƙayar kifi da na sanyi, mafarauci ke da na dafi da saran maciji. Ga wanzami da ƙahonsa da askarsa, ga maɗori, ga ungozoma, ga kuma 'yar mai ganye wadda mata ke kai wa yara in suna haƙori ko sun kama gudawa. Bayan waɗannan akwai boka, akwai kuma ɗan magori mai yawo kasuwa-kasuwa yana wasa kansa da kansa. A wancan zamani mai gane ciwo da mai haɗa magani da mai sayar da shi duk mutum guda ne.

Ɗakin maganinsu shi ne daji. Daga nan ake samo sabara da marke da maɗaci da bagaruwa da hano da filasko. Wani sassaƙe ake buƙata, wani saiwa, wani ganye. Wani jiƙo ake yi, wani tsimi, wani a daka a zuba a kunu, wani kuwa a yi surace ko hayaƙi da shi. Abin da ba a samu a dajinmu ba, kamar kanwa da kanumfari da tazargade, fatake ke kawowa, a same shi wurin 'yan koli ko a kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499.

Mu mutanen wannan yanki mun yi sa'a, don akwai shaida a rubuce kan yadda kakanninmu suka rayu. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajajen 1877 ta rasu a 1951, ta tashi ne a Karo kusa da Zarewa, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Rogo a yau. Ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa a 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. Wanda ya karanta shi zai ga yadda haihuwa da jego da bori da neman magani suka cika rayuwar mata a ƙauyukanmu kafin zuwan Turawa da kuma bayansa. Mai magani a lokacin maƙwabci ne. An san gidansu, an san ubansa, in ya cuci wani ba inda zai shiga. Wannan sanayya ita ce ke tsare amana.

Maganar awo kuwa su ma sun san da ita, don sun san itace guda kan zama magani ya kuma zama dafi. Sun san tururubi da zaƙami ba abin wasa ba ne. Kwankwani, wanda maharba ke dafa dafin kibiya da shi, daga danginsa ne masana a Turai suka fitar da maganin ciwon zuciya a ƙarni na 19. Abin da ya raba kisa da waraka a nan yawan abin da aka sha ne kawai. Sai dai ma'aunin da ke hannunsu bai wuce yatsa uku da tafin hannu da ludayi ba, ludayin wani gida kuwa ya fi na wani. Haka kuma sassaƙen rani da na damina ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kanwa ma da muka raina ta isa misali. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da ciwon zuciya a ƙasar Zazzau, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Abu ne da iyaye ke yi don ƙauna, amma ya wuce kima.

Wani raunin kuma shi ne ɓoyo. Asiri ne na gado, ba a rubutawa, ba a faɗa wa bare. Tsoho in ya rasu bai sami magajin da ya yarda da shi ba, sai a binne shi da iliminsa.

MALAMAI DA LITTATTAFAN ƊIBBU

Raba aikin likita da na mai haɗa magani tsohon abu ne, a ƙasashen Musulmi kuma ya fara kafuwa sosai. Tun ƙarni na 8 aka sami kantunan magani masu zaman kansu a Bagadaza, mai irin wannan kanti kuwa ana ce masa saidalani. Hukuma ba ta sake musu ba. Akwai muhtasibi, watau mai duba kasuwa, wanda ke bincikar ma'auninsu da kayansu don kada su yi algus. Ibn Sina ya ware sassa biyu cikin biyar na littafinsa al-Ƙanun fi al-Ɗibb ga magunguna, ɗaya na tilo ɗaya na haɗe-haɗe. Al-Biruni ya rubuta littafi sukutum kan wannan sana'a wajajen 1050. Ibn al-Baiɗar, mutumin Andalus da ya rasu a 1248, ya tattara bayanin magunguna da abinci wajen 1,400. A Turai ma, a ƙarni na 13 ne Sarki Frederick na Biyu ya yi doka a Sisili ya raba sana'o'in biyu. Hikimar rabon a fili take. In wanda ya rubuta magani shi ne mai cin ribar sayar da shi, to, wa zai hana shi rubuta abin da ba a buƙata? In kuwa ya yi kuskure, wa zai gani?

Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai da alhazai. Shugabannin jihadi ba su ɗauki lafiyar jiki a matsayin abin da ke wajen addini ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa ta a littafinsa Masalih al-Insan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da dama kan ɗibbu, ciki har da wanda ya keɓe ga maganin basir da wanda ya keɓe ga amfanin filasko. Sa'ad da Bature Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Ingila har da a aiko masa da likita. Muhimmancin waɗannan littattafai shi ne sun fitar da magani daga ɓoyo zuwa takarda, inda almajiri a wani gari zai karanta, ya gwada, ya kuma gyara.

KWININ DA ZUWAN TURAWA

Wanda ke shakkar cewa mai haɗa magani na da hannu a tarihin siyasa, ya dubi labarin kwinin. Shekaru aru-aru zazzaɓin cizon sauro ne ya tsare mana ƙofa, Turawa ba su iya wuce bakin teku ba tare da sun zube ba. A 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa su hau kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a cikinsu, saura suka juya. Amma tun 1820 wasu Faransawa biyu masu haɗa magani, Pelletier da Caventou, sun riga sun tace kwinin daga sassaƙen wani itace na Kudancin Amurka. Sassaƙen an daɗe da saninsa. Abin da suka ƙara shi ne sun mai da shi abin da za a iya aunawa daidai. A 1854 Dokta Baikie ya hau Kwara da Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin kullum bisa ƙa'ida, suka dawo ba Bature ko ɗaya da ya mutu. Daga nan hanya ta buɗe wa 'yan kasuwa, 'yan mishan suka biyo, sojoji suka zo daga baya, har aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ba ina nufin kwinin kaɗai ya kawo mulkin mallaka ba, amma da babu shi da bindigar ba ta sami mai ɗauko ta ba.

Turawan ma ba su raina dajinmu ba. Dokta J. M. Dalziel, likitan gwamnati da ya yi aiki a Arewa, ya bi mutanenmu yana tambayar sunayen itatuwa da amfaninsu, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya kuma buga babban littafi kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Har yau sunan da masana kimiyya ke kiran itacen hano da shi yana ɗauke da sunansa. Sunayen tsofaffin da suka nuna masa itacen kuwa ba wanda ya adana. An sha magani a gonar yaro ke nan.

Sana'ar haɗa magani irin ta zamani ta fara ne daga Kudu. A 1887 Richard Zaccheus Bailey ya buɗe kantin magani a Ikko, a 1927 kuma aka kafa ƙungiyar masu haɗa magunguna ta Nijeriya. A Arewa an buɗe makarantar horar da disfensa a Zariya wajajen 1930. Aikin disfensa na wancan lokaci haɗawa ne na gaske. Yana da sikeli da turmin tangaran da kwalabe, shi ke auna gari ya dama ya zuba a kwalba, ya kuma haɗa man shafawa da hannunsa. A ɗakunan shan magani na En'e da ke manyan garuruwan gundumomi, sau da yawa ba likita ko kusa, ma'aikacin da ke wurin shi ne komai. Ta hannun irin waɗannan ma'aikata ne talakan Arewa ya fara sanin kwinin, da kuma ƙwayar nan M&B 693 da ta fito a 1938, wadda aka yi ta yaƙar sanƙarau da ciwon huhu da ita.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa. Malam Sa'adu Zungur, wanda muke nazarin waƙoƙinsa irin su Arewa Jumhuriya ko Mulukiya da Waƙar Bidi'a, ɗan wannan fanni ne. Ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, daga baya kuma ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, inda ya fara tara matasa 'yan boko suna tattauna halin ƙasa. Ya rasu a 1958. A ganina ba abin mamaki ba ne mutumin da aka horar kan sikeli ya zama mai auna kalma, mai kuma faɗa wa jama'a gaskiya komai ɗacinta.

BAYAN SAMUN 'YANCI

Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an ɗaga wannan karatu zuwa matsayin digiri a Zariya a ƙarshen shekarun 1960. Daga baya jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Kano da wasunsu suka buɗe nasu tsangayoyin. A yau ɗalibi kan shafe shekara 5 ko 6 yana karatu, ya yi shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin manya, sa'an nan hukumar da ke kula da sana'ar ta yi masa rajista. Amma a daidai wannan lokaci sai aikin ya sake kama. Masana'antu suka karɓe dakan da damun, magani ya riƙa zuwa a ƙunshe cikin kwali. Jama'a suka ga kamar ba abin da ya rage sai miƙawa da karɓar kuɗi, miƙawa kuwa kowa ya iya. Nan ne ɓarna ta sami ƙofa.

Da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma karya darajar naira daga 1986, asibitocin gwamnati suka wayi gari ba magani. Sai a rubuta wa mutum takarda a ce ya je waje ya saya. Shigo da magani ya faɗa hannun 'yan kasuwar da ba su san bambancinsa da atamfa ba, kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano da Anaca da Idumota a Ikko suka zama manyan dilolinsa. Aka cika ƙasa da jabu: alli a madadin ƙwaya, ruwa a madadin allura, da wanda kwanansa ya ƙare aka sake masa tambari.

Sakamakon ya zo da muni. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol. Da aka bincika sai aka ga an haɗa shi da wani sinadari mai zaƙi-zaƙi irin na masana'antu, wanda ake sawa a man birki, a madadin na ainihi. Wannan sinadari ƙoda yake kashewa. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. A 2008 zuwa 2009 sinadarin nan dai ya sake kashe yara 84 ta cikin wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wasunsu a Zariya. Duk waɗannan yara iyayensu ne suka ba su maganin da hannunsu, suna neman musu sauƙi.

Amana kuma ba a kasuwa kaɗai ake cin ta ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa Trovan a Kano, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200, inda 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin kuwa ya ce cutar ce ta kashe su. An yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Tabon abin ya daɗe, yana kuma cikin dalilan da suka sa mutane suka saurari masu sukar allurar shan inna lokacin da aka dakatar da ita a Kano a 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin lura shi ne, waɗanda suka tashi gyara wannan ɓarna 'yan sana'ar ne. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, shugabanta na farko kuwa shi ne Farfesa Gabriel Osuide, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina sashen haɗa magunguna na Zariya. Farfesa Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008, ita ma mai haɗa magani ce, 'yar'uwarta kuma ta rasu ne a 1988 sanadiyyar allurar ciwon sukari ta jabu. Ta rufe kasuwanni, ta sa an ƙone jabun magani a bainar jama'a, har aka harbi motarta a Disamba 2003, Allah ya yi da sauran kwananta. Ta rasu a 2014.

Akwai kuma waɗanda suka koma dajin kakanni da kayan awo na zamani. A cibiyar binciken magunguna ta Abuja, Farfesa Charles Wambebe da abokan aikinsa sun karɓi wani haɗin gargajiya, suka tace shi suka gwada, aka sami maganin rage tashin ciwon sikila mai suna Niprisan. Cikin kayan haɗinsa har da kanumfari da masoro da ganyen dawa. Haka ma maganin zazzaɓin da Nijeriya ta koma kansa a 2005, bayan kulorokwin ya daina tasiri, asalinsa daga wani tsiro ne ɗan'uwan tazargade, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tace a 1972 bayan ta bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu. Ashe tsakanin 'yar mai ganye da ɗakin bincike ba gaba ba ce, sikeli ne kawai ya rage a sa a tsakani.

HALIN DA KARKARA KE CIKI

Yanzu bari in dawo kan ruɗanin sunan nan. Doka ta san mutum iri biyu. Akwai mai haɗa magani mai digiri da rajista, wanda aka yarda ya riƙe kowane irin magani. Akwai kuma mai ƙaramin kantin magani, wanda lasisinsa ya tsaya kan 'yan magunguna marasa haɗari da ake sayarwa a ƙunshe yadda suka zo. Na farkon yawancinsu a birni suke, cikin manyan asibitoci da manyan kantuna. Mutumin Unguwar Hajji ko Turawa ko Yammedi ko Fulatan, in yaronsa ya kwana da zazzaɓi, wanda zai fara gani shi ne na biyun. Ban raina masu kemis ba. Da yawansu mutanen kirki ne, suna buɗe ƙofa da tsakar dare, suna ba da bashi har kaka, ba don su ba kuwa da wahalar ta fi haka. Amma akwai na ukun da doka ba ta san da shi ba sam, watau mai tallar magani a faranti cikin rana tsaka, da mai mota da lasifika ran kasuwa, wanda kwalbarsa guda ke maganin basir da sanyi da taifot da raunin mazakuta. Ɗan magori ne ya sake riga, sai dai shi wannan ba wanda ya san gidansu.

Dubi yadda muke sayen magani. Mutum zai miƙa kuɗi ya ce a haɗa masa na ɗari biyu, a zubo masa ja da fari da rawaya a leda. Aljihu ne ya yi awon, ba ciwo ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya kamata a sha kwana 5 ko 7, sai a sha na kwana 2, da an ji dama-dama a ajiye. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, gobe kuma maganin ba zai ci su ba. Ga matasa 'yan ƙwadago da ke shan tiramadol don su yi noman da ya fi ƙarfinsu, ga ruwan tari mai kodin da ya lalata 'ya'yan mutane har gwamnati ta hana shi a 2018. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci.

To, mene ne aikin wancan mutum na bayan taga? Shi ne ido na biyu a kan takardar likita. Yana duba ko adadin ya dace da shekarun yaro da nauyinsa, ko wannan ƙwaya za ta yi faɗa da waccan, ko mai ciki za ta iya sha. Ya san wanda ake sha kafin abinci da wanda ake sha bayansa. Ya san allurar rigakafi da ta ciwon sukari sanyi suke so, in zafin bazara ya buge su sun tashi aiki ko da kwalbar na nan da kyanta. Ya san inda ya sayo kayansa, in an sami matsala zai iya bin sawu. Yana kuma da hurumin da zai mayar da takarda wurin likita ya ce a sake dubawa. Aikinsa in ya yi kyau ba abin da ke faruwa, shi ya sa ba a ganinsa.

An fara ɗaukar matakai. Tun 2010 akwai lambar da ake kankarewa a jikin wasu magunguna a aika ta waya don a tabbatar da sahihancinsu. A 2022 an yi sabuwar dokar da ta ƙarfafa hukumar kula da sana'ar, a 2024 kuma aka tilasta wa dilolin magani na Sabon Gari komawa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro kan hanyar Zariya, inda za a iya sa musu ido. Muhtasibin Bagadaza ne ya dawo bayan shekara dubu. Amma gyaran birni ba ya isa ƙauye sai da mai kai shi.

KAMMALAWA

Mun ga yadda sanayya ta tsare amana a zamanin su Baba ta Karo alhali awo na da rauni, mun kuma ga yadda zamani ya kawo awo daidai amma amana ta yi ƙaranci. Mai haɗa magani na ƙwarai shi ne inda biyun suka haɗu. Ranar 25 ga Satumba ta kowace shekara ita aka keɓe a duniya don tunawa da shi, amma yabon da ya fi amfani shi ne a ba shi wurin aiki. Ƙananan hukumomi irin namu su ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu a wannan fanni bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki, su kuma riƙa horar da masu kemis suna duba kayansu.

Mu ma ɗaliban Hausa muna da namu kason. Takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take, mai sha kuwa Hausa yake ji. Wa zai daidaita kalmomin, ya fassara gargaɗin, in ba mu ba? Wa zai zauna da tsofaffin da suka rage a ƙauyukanmu ya rubuta sunayen itatuwa da yadda ake sarrafa su, da sunan wanda ya faɗa, kafin gatari ya gama da dajin, ƙasa kuma ta rufe masu sanin? 'Yan'uwanmu na tsangayar haɗa magunguna suna da sikeli, mu muna da harshe, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma mai karatu, in ka sake tsayawa gaban tagar nan, kada ka fizge leda ka wuce. Tsaya ka tambaya, ka saurari amsa, ka shanye yadda aka ce, ka kuma yi masa sannu da aiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana masu riƙon amana, amin.